Ni Ce Bakin Yaya

Masu bibiyata, yau ba zan yi muku kwana-kwana ba, asirin kaina zan tona da bakina. Kun sha yabona a ƙasan rubutu, wai Auta yarinyar kirki, Auta mai haƙuri. To, ku ɗan ajiye yabon nan a gefe tukuna, ku ji abin da na aikata a ofishin Fasto ranar Laraba, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, mu uku ne a gidanmu tun rasuwar Baba: ni, da Mama, da Yayata. Yaya ta girme ni da shekara tara, kuma kurma ce. Tana 'yar shekara huɗu wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, da ya tashi tafiya sai ya tafi da jinta. Ni kuwa na buɗi ido na tarar tana magana da hannu, don haka na iya maganar hannu tun kafin in iya ɗaura ɗankwali. Ni ce bakinta a kasuwa, a asibiti, a coci, da kuma shagonmu na ɗinki. Ita ke yanka ta ɗinka, ni kuma in yi awo, in yi guga, in tarbi masu kawo aiki.

Yaya fa ba ta san ɓoye-ɓoye ba, abin da idonta ya gani shi hannunta zai faɗa. Ranar Litinin ɗin makon nan wata mata ta shigo da leshi mai ruwan zuma, ta nuna mana hoton wata siririyar yarinya a waya, ta ce irin ɗinkin take so, matsattse daga sama har ƙasa. Yaya ta dubi hoton, ta dubi matar tun daga ɗankwali har takalmi, ta ajiye almakashi, hannuwanta suka shiga aiki.

"Gaya mata in na ɗinka mata wannan, ranar da ta zauna a kujera zip ɗin zai yi tsalle ya bugi na bayanta."

Na gyara murmushi na juya wajen matar. "Yaya ta ce leshin nan naki babba ne, ya fi ƙarfin wannan ɗinkin. Akwai wani da zai fi fito da ke."

Matar ta washe baki. "Kai, yayar nan taki akwai ido!"

Haka nake yi tun ina ƙarama, kuma ta kowane ɓangare. In wani ya dubi Yaya ya ce, "Wayyo, ga kyau amma ga lalura," sai in ce mata an yaba kyanta, ragowar in haɗiye. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. Ni a wajena guga ce kawai, a ɗan bi ta kan magana da dutse mai ɗumi kafin a miƙa wa mai ita. Har alfahari nake yi a zuciyata cewa ba a taɓa yin faɗa a shagonmu ba.

Sai maganar Injiniya, tunda na san da yawanku saboda shi kuke leƙowa. Ba injiniyan gaske ba ne, mai gyaran keken ɗinki ne, ni na laƙaba masa sunan ya kuma bi shi. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum da jakar kayan aiki a kafaɗa da ƙamshin man keke a hannun riga. A coci shi ke taimaka wa Fasto da rajistar 'yan ajin baftisma, don rubutunsa kamar an buga da inji. Wata huɗu da suka wuce ya tsaya a ƙofar shagonmu, sukudireba a hannu, gumi a goshi, ya ce yana sona da aure. Na ce zan yi addu'a a kai. Ba a jima ba kekenmu ya daina cika mako lafiya. Yau yana tsallake ɗinki, gobe yana cin zare, kuma ni ban taɓa ganin laifin keken da idona ba.

Mama ta sa ni a gaba da maganar nan, safe da rana. Ranar Talata ina goge mata rigar zuwa coci ta jingina da ƙofar ɗaki, ta harɗe hannu.

"Auta, wai addu'ar nan taki ba ta da amin ne?"

"Mama, ina kai."

"Wata huɗu? Yaro ga sana'a, ga tsoron Allah, ga ladabi. Me kike jira, mala'ika ya kawo miki wasiƙa?"

"In na tafi wa zai riƙa yi wa Yaya magana?"

"Aure za ki yi ko duniyar za ki bari? Ni dai kar ki sa ya gaji ya kama gabansa, ki zo kina jiƙa mini matashi da hawaye."

Na ci gaba da guga. Gaskiyar magana, ina son sa. In na ji ƙarar babur ɗinsa a bakin layi sai in tsinci kaina ina gyara ɗankwali. Amma na riga na sa wa raina cewa in na matsa ko taku ɗaya, duniyar Yaya za ta rufe.

To, a cikin wannan hali ne babban farin ciki ya shigo gidanmu. Yaya, da shekara talatin da uku, ta ce tana son a yi mata baftisma. Shekaru Mama tana roƙonta tana ƙi, sai ga shi ita da kanta ta ce in kai ta ajin. Mama ta yi rawa a tsakar gida har zaninta ya kusa kwancewa. Ta sayo farin yadi mai kauri, Yaya ta ɗinka wa kanta doguwar riga mai dogon hannu, ba ado ko ɗaya sai 'yan ƙananan tattara a wuya. A cikin kalmasar ƙasa ta jera manyan maɓallai ta ɗinke su a ɓoye, wai don kada ruwa ya ɗaga rigar. Wa zai yi wannan tunanin in ba Yaya ba? Rigar tana rataye a bayan ƙofar ɗakinmu cikin leda, Mama ba ta wucewa sai ta shafa ta.

A cocinmu, kafin ranar baftisma Fasto yakan gana da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ji shaidarsa. Injiniya ya rubuta a rajista, ranar Lahadi kuma ya karanta wa ikilisiya kafin mutum ya shiga ruwa. Namu layin ya faɗo ranar Laraba da hantsi.

Ofishin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujerun roba, da fanka mai juya kai tana ƙara kamar tana ƙorafi. Mama ta sha kwalliya da shuɗin leshinta, hankici a hannu, a shirye take ta yi kukan daɗi. Na zauna kusa da Fasto ina fuskantar Yaya don ta riƙa ganin hannuna. Injiniya yana can gefe da rajista a cinya.

Fasto dattijo ne, shi ya binne Baba, shi ya sa mini hannu ina jaririya. Ya gyara tabarau ya dube ni ya ce, "Tambaye ta, ta gaskata Yesu ya mutu dominta, ya kuma tashi?"

Na tambaye ta. Ta ce ta gaskata. Na faɗa.

"Madalla. To me take so ikilisiya ta ji game da yadda Ubangiji ya cece ta?"

Yaya ta dubi hannuwanta. Sannan ta ɗaga su, ta fara a hankali.

"Tun ina shekara biyar Mama take kai ni gaba a ɗora mini hannu. An tura mini yatsa a kunne, an girgiza mini kai, an ce in na ba da gaskiya zan ji. Ban ji ba. Sai na ɗauka ni ce mai laifi, ni ce kayan da aka ɓata wajen yanka. Na yi shekaru ina fushi da Yesu, kuma har yau fushin bai gama sauka ba. Amma na duba ko'ina, ba ni da wajen zuwa sai wajensa. Ranar da Baba ya rasu kowa yana kuka da baki, ni ba wanda ya san abin da ke cikina, shi kaɗai na iya gaya wa ba tare da ke ba. Zan bi shi. Tambayata ɗaya ce. Yana karɓata a haka, da kunnena a toshe, ko sai an gyara ni tukuna?"

Jama'a, ku ji fa! Ban taɓa jin wannan daga Yaya ba, ni da muke kwana ɗaki ɗaya. Na saci kallon Mama, tana murmushi, ta kafe bakina da ido tana jira. Matar nan ta yi azumi, ta yi tafiya a ƙasa zuwa wuraren addu'a da yarinya a baya, duk don ƙauna. Na tuna farar rigar da ke bayan ƙofa. Na ce a raina in Fasto ya ji kalmar fushi zai iya ɗaga baftismar, zuciyar Mama kuma ta karye biyu. Kafin in gama tunani bakina ya riga ya ɗauki dutsen guga.

"Ta ce ta gode wa Yesu da ya cece ta. Ta gode wa Mama da ba ta gaji da yi mata addu'a ba. Kuma a shirye take ta bi shi har ƙarshe."

"Haleluya!" in ji Mama, ta kai hankici ido.

Fasto ya gyaɗa kai cike da jin daɗi, ya yi mana addu'a, muka tashi. Na lura biron Injiniya bai taɓa takarda ba, amma na ce ƙila daga baya zai rubuta.

Da yamma ina shago ina ɗinke maɓallin wata riga, Yaya tana kan keke ta ba ni baya, wayata ta yi ƙara, saƙon Injiniya ne.

"Barka da yamma, Auta. Ban rubuta komai a layin Yaya ba."

Na mayar masa da wasa. "Biro ne ya ƙare, Injiniya?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga shi.

"Ba abin da ta faɗa ba kenan."

Allura ta soke ni a yatsa. Na rubuta, "Wa ya gaya maka?"

"Ita take koya mini maganar hannu. Duk ranar da kika tafi kasuwa sayen zare. Wata uku kenan. Ban iya sosai ba, rabi ya wuce ni. Amma na san alamar fushi, kuma na san alamar tambaya. Ta yi tambaya, ba wanda ya ba ta amsa."

Ashe lalacewar keke kenan! Na ɗago na dubi bayan Yaya, tana ta taka kekenta hankali kwance kamar ba ita ba. Kunya da haushi suka haɗu suka taso mini, na zaɓi haushin don ya fi sauƙin ɗauka.

"Kai da ka koyi abu wata uku za ka gyara wa wadda aka haifa a ciki?"

"Ba gyara nake miki ba. Na san don Mama kika yi. Ba kuma zan kai ƙararki wajen kowa ba. Amma ni zan tsaya gaban ikilisiya ranar Lahadi in ce ga shaidarta, kuma ba zan iya karanta abin da na san ba nata ba ne. Layin yana nan a buɗe har Asabar."

Na koma kan ɗinkin maɓallina. Bayan ɗan lokaci wani saƙon ya shigo.

"In wannan ya sa kin ƙi ni, zan ji ciwo ƙwarai. Amma gara haka."

Na kife wayar a kan tebur. A raina na ce ji mutum, ana lallaɓa shi yana neman ya yi wa kansa ƙafar ungulu. Na yi niyyar in share shi kwana uku ya gane kurensa.

Washegari da safe muka zauna addu'ar gida kamar kullum, Mama tana yi da baki ina mayar wa Yaya da hannu. Da aka zo kaina na buɗe baki na fara jero godiya irin wadda na saba, sai na ji maganar tana fita fayau, ba nauyi ko kaɗan. A nan ne abin ya faɗo mini. Ashe har Ubangiji goge masa magana nake yi kafin in miƙa. Ban taɓa ce masa na gaji ba, ban taɓa ce masa ina tsoron aure ba, ban taɓa ce masa wani lokaci ina jin haushin zama bakin wani ba. Yaya da ba ta da murya ta fi ni gaya masa gaskiya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na yanke addu'ar da amin tun ban kai rabi ba, har Mama ta buɗe ido ɗaya ta dube ni.

Da muka buɗe shago na jira har Yaya ta zauna a kan keke. Na ƙwanƙwasa teburin da ƙarfi yadda za ta ji motsinsa a hannunta, ta ɗago.

"Yaya, na yi miki laifi. Jiya ban faɗi abin da kika ce ba."

Ta dube ni, fuskarta ba ta canja ba. "Na sani."

"Injiniya ne ya gaya miki?"

"Sai an gaya mini? Na yi magana har hannuna ya gaji, ke bakinki ya motsa sau uku kika rufe. Kuma Mama ta yi murna. Abin da na faɗa ba na murna ba ne."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In gaya wa wa? Da bakin wa?"

Wannan tambayar ta fi mari zafi. Na durƙusa a gaban keken, hawaye suka ɓalle mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta taɓa kafaɗata don in dube ta, tunda ba a yi wa mai sunkuye da kai maganar hannu.

"Tun yaushe kike yi?"

"Tun ina ƙarama."

"Matar leshi ta ranar Litinin fa? Kin gaya mata maganar zip?"

Na girgiza kai. Sai kawai ta fashe da dariya, irin dariyarta mai fitowa daga ciki da ba ta san ƙarfinta ba, har mai shagon kusa da mu ya leƙo. Ni ma na kama dariya da hawaye a fuska. Amma da ta tsagaita sai ta gyara zama, hannuwanta suka yi nauyi.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai? Kowa a unguwar nan yana cewa ina da sanyin hali. Ba ni suka sani ba, ke suka sani. Na haƙura da na masu kawo ɗinki. Amma ba zan shiga ruwan nan da maganarki ba, Auta. In Yesu zai karɓe ni, ni zai karɓa."

"In Fasto ya ɗaga fa? Mama fa?"

"In ya ɗaga, rigar ba za ta ruɓe ba. Mama kuma uwata ce, shekara talatin ba ta ji muryata ba. Ki yi mini alkawari. Duk abin da na faɗa a ɗakin nan, ki faɗe shi yadda yake."

"Ko mai ɗaci ne?"

"Ko wane iri ne."

Na yi mata alkawari. Sannan na ɗauki waya na rubuta wa Injiniya, "Ka roƙa mana Fasto ya ba mu lokaci gobe. Ka zo da biro mai kyau." Amsarsa kalma biyu ce, "Na gode." Sai kuma ya ƙara da, "Keken lafiya?" Na ce masa keken bai taɓa ciwo ba, shi ma ya sani.

Ranar Juma'a muka koma. Mama tana ta tambaya a hanya ko wata takarda aka manta, na ce ta dai zo. Da muka zauna na miƙe tsaye.

"Baba Fasto, Mama, ku gafarce ni. Abin da na faɗa ranar Laraba nawa ne, ba na Yaya ba. Yanzu za ta sake faɗa, ni kuma ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Yaya ta fara, na bi ta kalma bayan kalma. Ku da ba ku taɓa yin wannan aikin ba, ku sani ba a cewa "ta ce" in ana son a yi shi daidai, da "ni" ake yi. Don haka da muryata, a gaban Fasto, a gaban uwar da ta haife ni, na ji kaina ina cewa, "Na ɗauka ni ce kayan da aka ɓata wajen yanka. Na yi shekaru ina fushi da Yesu, kuma har yau fushin bai gama sauka ba." Muryata ta karye amma ban tsaya ba. Na kai har tambayar ƙarshe na sauke ta yadda take.

Mama ta toshe baki da hankici. Biron Injiniya kuwa yana ta gudu a kan takarda.

Fasto ya cire tabarau ya goge ido. Sai ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ja kujerarsa ya juya ta ya fuskanci Yaya sosai. Duk shekarun nan ni yake kallo in zai yi mata magana.

"'Yata," ya ce, ni kuma ina mayar mata, "cikin masu tura miki yatsa a kunne har da ni. Ina saurayin fasto a lokacin, na ɗauka taimako nake yi. Ban taɓa tambayarki yadda kika ji ba. Ki gafarta mini."

Yaya ta gyaɗa kai a hankali, idonta a kansa.

"Ga amsar tambayarki. Yana karɓarki a haka. Ba kunnenki ya zo nema ba, ke ya zo nema, ke ɗungurungum. Na yi shekara arba'in ina tsoma mutane a ruwan nan, ban taɓa tsoma wanda aka gama gyarawa ba. Fushin kuma ki ci gaba da kai masa, ya fi ƙarfin ya tsorata da shi. Ranar Lahadi ke ce ta farko a layi."

Na isar mata. Ta rufe ido, ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauko. Ni dai ban taɓa ganin fuskar Yaya ta yi laushi haka ba.

Injiniya ya tambaya a hankali ko duka za a karanta wa ikilisiya. Yaya ta ce duka.

"Har da maganar fushin?" in ji Mama. "A gaban mutane?"

Na mayar wa Yaya tambayar yadda take, ita ma ban goge ba. Ta ce, "Har da ita, Mama. Ƙila akwai wani a benci da yake ɗauke da irinta."

Mama ta daɗe tana murza hankici. Maganar hannun Mama ba ta wuce zo, ci, kwanta, bari ba, don tun da na taso ta sakar mini sauran. Ta juyo gare ni ta ce, "Auta, gaya mata ni ban san..." Sai ta tsaya. Ta ajiye hankicin a cinya, ta ɗaga hannuwanta biyu tana kallonsu kamar baƙi.

"A'a. Nuna mini yadda ake cewa ki yafe mini."

Na nuna mata. Ta yi, ta karkace. Na sake nunawa, ta sake karkatawa. A karo na uku Yaya ta miƙo hannu ta kama yatsun Mama ta gyara mata su da kanta, kamar yadda take gyara wuyan riga, sannan ta rungume ta. Mama ta saki kuka mai sauti, ni ma haka, har Fasto sai da ya nemi hankici. Zuciyata ta yi fes, na ji daɗin da rabona da shi tun Baba yana da rai.

Na ɗauka an gama, har na fara laluben jakata. Sai Yaya ta saki Mama, ta share ido, ta taɓa tebur don kowa ya dube ta. Na ga wani ɗan murmushi a gefen bakinta wanda na san ba na alheri ba ne. Ta yi magana gajeriya, ta harɗe hannu tana jirana.

Na ce mata da hannu, "Yaya, don Allah."

"Kin yi alkawari. Ko wane iri ne."

"Me ta ce?" in ji Mama.

Na dubi ƙasa, na ji fuskata ta ɗauki zafi. Da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta na ce, "Ƙanwata tana son mai gyaran keken nan tun ba yau ba. Da ni take fakewa. Ni ba uzurin kowa ba ce, kuma na gaji da kwance bel ɗin kekena duk mako."

Biro ya suɓuce daga hannun Injiniya ya gangara ƙarƙashin tebur, bai ko bi shi ba. Mama ta daina kuka nan take, kamar an rufe famfo. Fasto ya mayar da tabaransa, ya leƙo ni ta samansu, yana ƙoƙarin danne dariya.

"To, Auta, mun ji ta Yayarki. Yanzu ba fassara muke jira ba. Ke me kika ce?"

Na juya wajen Yaya kamar yadda na saba, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinya ta zauna a kansu. Mutum huɗu suka zuba mini ido. Na buɗe baki, kuma karo na farko a rayuwata babu hannun da zan kalla.